Agogon Mala

A shekarar da kogin Haɗeja ya cinye gonakin Guri, zamanin Turawa, wani dare aka ji wani abu yana kuka a bakin ruwa, kirrr, sai ka ce ana zuba tsakuwa a tasa. Tsofaffi suka ce mutanen ruwa ne ke biki.

Da safe Bintu mai tuyar kifi ta sauka da kaskonta, ta tarar da wani saurayi yana barci cikin kwale-kwale a kan buhunan gero, rungume da wani ƙarfe mai fuska.

"Kai ne aljanin jiya?"

Ya buɗe ido, ya dube ta.

"Sunana Mala, malamin rabon hatsi na Ƙungiyar Agaji. Wannan agogo ne."

"Me yake ci?"

"Ni," in ji Mala.

Gaskiya ya faɗa. Baturiyar da ke riƙe da ƙungiyar, wadda ake kira Uwar Buhu, ta ba kowane malami agogo. In ya yi kuka, a tura jirgi zuwa ƙauyen gaba. Babu Juma'a, babu ranar kasuwa.

Soyayya ta ƙullu tsakaninsa da Bintu, amma agogo bai bar su hira ba. Sai ta koma bayan takardar rabo, da ajami, Mala ya fara rubutawa.

"Tauraruwata, jiya kowane mudu na ɗaga sai na ga fuskarki. Wata tsohuwa na auna mata sau biyu."

Bintu ta amsa: "Mai agogona, fuskata ba a mudu take ba, tana gidanmu. Abdulwahid masunci kullum yana zuwa, kuma ba abin da ke kuka a aljihunsa."

Hankalin Mala ya tashi, ya je gaida mahaifinta. Baba Gana kuwa in ya kama gaisuwa sai ya tambayi gajiya, ruwa, sauro, shinkafa, har awaki. Suna kan sauro agogo ya yi kuka. Mala ya zabura ya fice da takalmi ɗaya.

"Bintu," in ji Baba Gana, "wanda bai iya ƙarasa gaisuwa ba, yaya zai ƙarasa aure? Ran Juma'a ya zo da manyansa, ya zauna har a shafa fatiha. In ya tashi, ya tashi ke nan."

Ran Juma'a Bintu ta tare shi a bayan zaure, ta miƙa hannu.

"Kawo agogon, masoyina."

"Za a kore ni daga aiki."

"To zaɓi mai korarka, Uwar Buhu ko Baba."

Ya ba ta. Ta tsallaka gidan maƙwabciyarsu 'Yar'azumi, ta tura shi ƙarƙashin kaza mai kwanci. Da lokaci ya yi, kazar ce kaɗai ta ji. Ta zare ido, amma ba ta tashi ba.

Uwar Buhu ta gaji da jira a bakin ruwa, ta shigo zauren fuska a murtuke. Kafin ta yi magana Baba Gana ya riga ta.

"Maraba da baƙuwa. Ina gajiya?"

Hausarta ta littafi ce, littafin kuma ya ce gaisuwa dole a amsa.

"Ba gajiya."

"Yaya ruwa?"

"Ya yi gyara," in ji ta, alhali rabin garin na cikinsa.

Kafin gaisuwa ta kai kan awaki ta zauna a tabarma, ta sha fura, ta jingina da bango, barci ya kwashe ta. Ashe ita agogonta biyu, wata uku rabonta da barcin kirki.

Dattawa suka sassauta murya, aka ɗaura aure a hankali. Da la'asar ta farka da goro a cinyarta, Mala na durƙushe a gabanta.

"Geron ƙauyen gaba fa?"

"Matuƙa sun kai, mai gari ya raba, ranki ya daɗe."

Ta juya goron a hannunta.

"Daga yau Juma'a ta kowa ce. Har ni."

Baba Gana ya ɗaga hannu. "Allah ya ba ku zaman lafiya, da zuri'a masu ƙarasa gaisuwa."

Washegari Mala ya je ɗaukar agogo, kaza ta sare shi a yatsa. Bintu ta kama yatsan tana hura masa, tana dariya, suka manta da abin da ya kawo su.

'Yar'azumi ta daɗe tana kallon kazar.

"Ango, wai in ta ƙyanƙyashe, me zai fito?"