Wushiryar Auta

"Wa ya ce ki taɓa su? Auta, wa ya ce?!"

Ba haka ta zata ba. Ta shigo motar Injiniya, saurayinta, da murmushin da ta tanadar masa: haƙora takwas farare tas, a jere kamar an ja layi. Yau likita ya gama manna mata siraran rufin tangaran ɗin nan da ake lulluɓe fuskar haƙori da su. Wushiryarta ta tafi. Haƙorin da ya ɗan hau kan ɗan'uwansa ma ya tafi.

"Anti ce ta ce..."

"Yayata?"

"Ta ce zan ɓata hotunan biki. Ta ce kai ma kunya kake ji, faɗa ne kawai ba ka yi ba."

"Ni?! Wallahi wushiryar nan na fara gani kafin in ga fuskarki!"

"To me ya hana ka faɗa, Nawa?"

Ya tada mota. Maza ke nan, sai abu ya lalace suke tuna suna da baki.

Amma babban tashin hankalin yana gida. Baba, tsohon tela, shekara biyu ke nan mantuwa na cinsa. Ya manta Yaya, babbar 'yarsa, ya manta hanyar shagonsa, wataran har cokali yakan juya yana tambayar amfaninsa. Auta kaɗai ta rage masa. Da ta yi dariya sai idonsa ya waye, don wushiryar ta marigayiya Umma ce sak.

Sati biyun da aka yi ana aikin, takunkumin fuska ta riƙa sawa wai mura take yi, Baba yana ta cigiyarta. Ta riƙa lallashin kanta cewa ranar da ta cire, shi ke nan.

Da ta isa gida ta durƙusa gaban kujerarsa, kusa da keken ɗinkin da ya hana a sayar. Ta yi masa dariya.

"Baba, ga ni."

Ya dube ta da ladabi, ya gyara zama.

"Sannu da zuwa, baiwar Allah. Wa kike nema?"

Washegari tun kafin a gama share asibitin tana bakin ƙofa.

"Likita, ka cire min su. Don Allah!"

Ya kunna fitilar saman kujera, ya duba, ya kashe.

"Na gaya miki tun farko, sai da na kankare naki kafin waɗannan su zauna. Abin da aka kankare ba ya tsirowa."

"To a yi min wasu masu wushirya..."

"In na ɓamɓare waɗannan sai na sake cin haƙorin, naki kuwa sun yi siriri. Ina tsoron in taɓa jijiya. Ko an yi ma, ba za su zama irin naki ba."

Ya gaya mata kuwa. Har takarda ta sa wa hannu, tana sauri kada ta makara wurin aiki. Ba ta da wanda za ta kama da laifi, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan.

Da yamma Injiniya ya ce shi zai gyara komai. Baba yakan gane shi jefi-jefi, saboda tabarau da gaisuwarsa mai tsawo. Suka shiga tare, suka zauna a kan darduma.

"Baba, barka da yamma. Ka gane ni?"

"Kai ne mai neman Auta."

"Ni ne! To ga ta nan, Baba. Ita zan aura, in Allah Ya yarda."

Baba ya dubi Auta, ya daɗe.

"Wannan za ka aura?"

"Ita ce Auta, Baba..."

"Ashe shi ya sa yarinyata ta daina fitowa! Ka yi mata alkawari, sannan ka kawo min wata har cikin ɗakina? Fita!"

"Baba, ni ce! Ni ce nake yanke maka farce, ni nake zura maka zare a allura!"

Ta kai yatsa tana danna tsakanin haƙoranta kamar za su buɗe. Ko motsi ba su yi ba.

Yaya ta leƙo ta ja Injiniya waje, yana share ido da hannun riga. Ɗakin ya rage su biyu. Fushin Baba ya sauka, ya koma tsoho mai roƙo. Ya sunkuyo, ya rage murya.

"'Yar nan, ke kyakkyawa ce, ba za ki rasa miji ba. Tawa marainiya ce, ba ta da uwa, kuma shi kaɗai take so. Ki bar mata shi, kin ji?"

Hawaye suka sauko mata har cikin baki. Ta nemi abin da za ta faɗa wanda zai dawo da ita wurinsa, ta rasa. Hannunsa na kan nata, yana jira.

"Na bar mata, Baba."

"Allah Ya yi miki albarka," ya ce, ya jingina da kujera. "In kin fita ki turo min ita."