Wadda Ta Ari Fuskar Gwaggo Furera

Ku matso kusa. Sagir, kife wayar nan, haskenta na damuna. Wannan ba tatsuniya ba ce. Gwaggo Furera ta Gumel abin ya faru da ita, daga bakinta na ji.

Tana da wata ƙawa, Kubura. Tare suka yi makarantar kwana, gado sama da ƙasa, tare suka fara koyarwa. Kubura ce ma ta kawo maganar tafiyar. Wani kamfani ne ke haɗa mutane 'yan kaɗan ya kai su yawon buɗe ido wata ƙasa a tsakiyar teku. Tsibiri ne, daji ya rufe shi ruf. Su bakwai suka tafi, da jagora ɗan ƙasar.

Gwaggo ta ce ba ta taɓa ganin kore irin wannan ba. Bishiya ba ka hango ƙarshenta. Aku garke-garke kamar tattabarun gida. Ayaba a bakin hanya, ba mai gadi. Mutanen ƙauye suka yi musu kiɗa, suka ba su kifin da aka gasa cikin ganye.

Wata rana aka kai su ganin wani ruwa mai zubowa daga kan dutse. A hanyar dawowa la'asar ta yi. Sauran suka ce sai an isa masauki za su yi salla. Kun san Gwaggo da salla.

"Kubura, tsaya mini a gindin bishiyar nan. Yanzu zan idar."

"Ina nan. Yi sallarki."

Ta yi alwala a rafi, ta shimfiɗa mayafi. Ta sallame. Ta waiwaya.

Bishiya na nan. Kubura ba ta nan.

Dajin ya yi tsit. Tsuntsayen nan masu surutu, duk sun yi shiru lokaci guda.

"Sannu da ibada, 'yar nan."

Hausa fa. A ƙasar da ba wanda ya san ko "sannu". Hausar ma irin ta tsofaffin Gumel.

Wata tsohuwa ce a tsallaken rafi, da kwando a ka. Muryar kan riga leɓenta fitowa. Sai magana ta ƙare, sannan bakin ya motsa. Ta shigo ruwan ta ratso. Da ta hau kan dutse Gwaggo ta duba ƙasa. Ƙafafun a bushe suke ƙayau. Yatsun duk tsayinsu ɗaya.

Gwaggo ta fara Ayatul Kursiyyu a zuci.

"Ɗaga murya, mu ma muna son ji," in ji tsohuwar. "Ba cutar da ke zan yi ba. Jikata ce ta ari fuskarki. Tun da kuka shigo take bin ku, dariyarku ke burge ta. Kina ruku'u ta je ta ce wa ƙawarki su tafi."

"Ni fa?"

"Ke kina wurina. Ƙa'idarmu ɗaya ce. In wani cikin naku ya buɗe baki a gaban sauran ya ce wannan ba Furera ba ce, nan take za ta dawo, ki tafi."

Gwaggo ta ji sanyi a ranta. Har murmushi ta yi.

"Ai kafin magariba ke nan, Iya. Kubura ta san ni ciki da bai."

Tsohuwa ta sauke kwandonta. Ta zauna a gindin bishiyar.

Magariba ta yi. Gari ya waye. Ya sake wayewa. Gwaggo ta cire takalmi ta yanki daji da gudu, ƙaya na tsaga mata ƙafa, amma duk hanyar da ta bi sai ta dawo da ita gindin bishiyar nan. Tsohuwa na zaune, tana ɓare mata 'ya'yan itace. Sai Gwaggo ta yi bisimilla ta ci, tana kuka.

Duk da haka uzuri take ba Kubura. Ƙila kamar ce ta yi yawa. Ƙila ba ta da lafiya. Addu'a ma take yi mata, kada abin nan ya taɓa ta.

Wata safiya ta ji taku. Ta ɗaga kai. Ta ga kanta tana tahowa. Tafiyarta, atamfarta, har tabon nan na haɓarta.

"Kaka, na dawo," in ji abin, da muryar Gwaggo. "Jirgin ruwa za su shiga yau. Ni ba na haye ruwan gishiri."

Gwaggo ta ce, "Ba wanda ya gane ki?"

"Ƙawarki ta gane. Tun a hanya. Ta ga sawuna ba ya fita a laka."

"Ƙarya kike."

"Ɗaki ɗaya muke kwana. Muna shiga ta durƙusa. Ta ce, na san ba ita ba ce, don Allah kar ki taɓa ni. Ba zan gaya wa kowa ba. Ki riƙe ta, ni ki bar ni in koma gida."

"Tsoro ne ya..."

"Na faɗa mata ƙa'idar. Na ce magana ɗaya a gaban mutane ta isa, ba abin da zai same ta. Ta ce ba za ta gwada ba. Kullum da safe ita ke miƙa mini shayi. A gaban jama'a ta kira ni ƙawalli, ta rungumo ni a ɗauke mu hoto."

Gwaggo ta ce a lokacin ne tsoron ya fita daga jikinta. Wani abu ya maye gurbinsa, mai nauyi, a nan ƙirji. Ko hawaye babu.

Tsohuwa ta dube ta.

"A ƙa'ida, tunda ba wanda ya buɗe baki, ke tamu ce yanzu," ta ce. Can kuma ta girgiza kai. "Tashi. Mu aro muke yi. Ba ma karɓar irin wannan kyauta."

Ta nuna bayan bishiyar. Ga hanya fetal, inda da babu.

Gwaggo ta bi hanyar, ba ta waiwaya ba, sai ga ta a bakin teku. Ana loda kaya a jirgi. 'Yan tafiyar suka hango ta suna dariya.

"Malama Furera, ina kika shige? Ashe haka kika iya rawa, kika ɓoye mana!"

Kubura ce kaɗai ba ta dubi fuskarta ba. Ƙafa ta duba. Ta ga laka, ta ga jini, ta ga sawu a kan yashi. Jakar hannunta ta faɗi.

Gwaggo ta matso dab da ita.

"Kin ce kina nan."

"Furera... ina da yara."

"Nawa fa? A bishiya na tsinko su?"

Iyakar abin da ya shiga tsakaninsu ke nan. Gwaggo ta wuce can ƙarshen jirgi ta zauna ita kaɗai.

Bayan sun dawo Kubura ta zo Gumel da dattawa neman gafara. Gwaggo ta ba su ruwa, ta ce ta yafe don Allah, ta raka su har ƙofa. Ba ta sake buɗe mata ita ba.

Na taɓa tambayarta ko tana mafarkin tsohuwar. Ta ce ko sau ɗaya. Kubura take gani, tana ninke kaya a akwati, a natse.

Don haka in Allah ya kai ku baƙon daji, kada ku yarda a wuce a bar ku, ko na minti ɗaya. Ku yi komai a idon jama'a. Kada kuma ku rataya ranku a wuyan mutum ɗaya, komai daɗewarku tare.

Ku tashi. Kowa ya yi addu'a kafin ya kwanta.