Notuna a Jikin Kwali

Insifekta bai ko kashe motarsa da kyau ba ya ji ihu daga cikin garejin. Wani saurayi ne ya cukume kwalar bakanike, yana rantsuwa yana kumfar baki.

"Kai, sake shi! Waye mai ƙara?"

"Ni ne, yallaɓai. Auta ake ce mini. Injina ya sace!"

Ya nuna wata tsohuwar ƙaramar mota ja, bonet a ɗage, cikinta wayam kamar an ƙwaƙule ƙwarya. Shekara guda Auta ya yi yana tsara aikin nan. Ya samo injin wata babbar mota da ta yi hatsari, da araha, ya kawo wa Dogo bakanike ya dasa masa. Shekaranjiya aka ɗora, jiya gareji na hutu, yau za a tayar. Da aka buɗe da safe, babu inji babu dalilinsa.

Dogo ya yi tsuru-tsuru. Motoci shida na mutane ke garejin, kuma tuni masu biyu suka zo ɗaukar nasu. In aka fita da shi da ankwa yau, sana'arsa ta mutu ke nan.

Insifekta mutum ne da ba ya iya tsayawa wuri ɗaya. Ya zagaya motar sau uku, ya leƙa, ya tsuguna, ya miƙe, ya koma ƙofa ya jujjuya kwaɗon. Lafiyarsa lau.

"Su wa ke da makulli?"

"Ni kaɗai," in ji Dogo, idonsa a ƙasa.

"To ka ɗaure kanka da kanka. Ka tabbata?"

"Na tabbata."

Ƙarya yake, ko makaho zai gani. Amma wane irin mahaukaci ne zai yi ƙaryar da za ta kai shi gidan yari?

Kan benci ya ga wani kwali, an zana surar inji da biro, an huda ramuka, kowane noti an soke shi a ramin da ya dace da mazauninsa. Ya sake leƙa motar. Duk bakin tiyo an toshe da tsumma mai tsabta, wayoyi an naɗe su tsaf.

Ikon Allah! Ɓarawo ne ko likita?

"Dogo, ina kake zuba notuna in ka kwance?"

Dogo ya nuna wani gwangwani da ƙafa. Notuna ne a cakuɗe, manya da ƙanana, cikin baƙin mai.

"Wa ya koya maka aiki?"

Dogo ya shiga goge hannu da tsumma.

"Babana ne ya koya masa," Auta ya amsa a ƙufule. "Garejin ma nasa ne da. Amma shekara biyar bai riƙe sifana ba, bayansa ya hana shi."

"Ya san da aikin nan?"

"Har albarka ya sa mini."

"Kawo tsarin naka in gani."

Auta ya zaro takarda daga aljihu, ta sha ninki har ta fara yagewa. Inji. Giya. Turbo na hannu. Babban salansa. Tayoyi masu faɗi. Fenti. Can ƙasa an rubuta birki, an ja layi a kai, a gefe an sa: sai daga baya.

"Me ya sami birki?"

"Abin hannuna bai kai ba, yallaɓai. Na ciki ma yana kamawa."

Insifekta ya ninke takardar ya sa a nasa aljihun.

Rana ta take lokacin da Insifekta da Sajensa da Auta suka isa gidan mahaifin Auta. Baba na kishingiɗe a kujera, hannu ɗaya dafe da ƙugu, yana nishi tun kafin a yi sallama. A tsakar gida akwai tsohuwar akori-kura, an lulluɓe bayanta da tamfol.

"Sannu, Baba. Jiya ina ka je?"

"Ni? Ɗan nan, ko banɗaki da ƙyar nake zuwa."

"Allah ya sawwaƙe. Ba ni hannu mu gaisa."

Tsohon ya miƙo. Insifekta ya riƙe, ya juya tafin, bai saki ba. An sha wanki da sabulu, amma ƙarƙashin farata baƙi ƙirin, ga sabon yanka a babban yatsa. Insifekta ya ajiye kwalin nan na gareji a kan cinyar tsohon.

"Ramin nan na uku ka ɗan karkata shi, Baba."

"Ina? Ban taɓa karkata rami ba a..."

Ya haɗiye sauran. Saje ya yaye tamfol. Ga inji zaune bisa tsohuwar taya, an goge shi yana sheƙi.

"Baba!" Muryar Auta ta tsinke. "Kai? Kai da ka sa mini albarka?"

Tsohon ya daina nishi, ya tashi zaune sosai.

"Ni ne. Da makullina na da na buɗe. Dogo na ganin kwalin ya gane ni, ya rufa mini asiri, ku bar shi. Albarkar uwar wa na sa maka? Sau nawa na ce birki tukuna? Ka ce zamani ya wuce ni. Inji mai ƙarfin ninki biyu, a kan birkin da ya girme ka! Shekara talatin ina jawo irin motocin nan daga rami, ni nake wanke kujerunsu. Na gwammace ka zo duba ni a caji ofis da in je gano ka a asibiti."

Gaskiya tausayi ya kama Insifekta, har ya kau da kai.

"Yallaɓai, na janye ƙarar," in ji Auta, hawaye na zuba.

"A ofis ake janyewa, a rubuce. Baba, tashi mu je. Saje, mayar da ankwar nan aljihu, ka kira Dogo ka ce ya ci gaba da aikinsa."

Ya miƙa wa Auta takardarsa da biro. Saurayin ya dafa ta a bonet ɗin akori-kura, ya soke fenti, ya soke salansa, ya rubuta birki a can sama.

Baba ya shiga bayan motar 'yan sanda da ƙafarsa, babu ɗingishi. Da suka kai kwanar farko Insifekta ya taka birki, motar ta yi ƙiii.

Tsohon ya leƙo ta tsakanin kujeru.

"Ɗan nan, kai ma in mun gama, ka kai wa Dogo wannan yau ɗin nan."