Jan Biron Ruƙayyatu

Ranar kasuwar Bagudo Gidaɗo ya shiga shagon buga takardu, riƙe da wasiƙar Turanci da ya yi kwana uku yana fama da ita. So yake ya tambayi wani kamfanin shinkafa ko akwai gurbin aiki. Ruƙayyatu, mai aikin kwamfutar, ta karanta, ta cije leɓe.

"Malam, tambaya kake ko faɗa? Kamar kana kora shanu!"

Bawan Allah, kunya kamar ya nutse. "To gyara mini, Malama."

Ta jawo jan biro. Tun daga ranar yake ce mata Malamata, ita kuma Ɗalibina.

Soyayya ta shiga, ya nemi aurenta, amma mahaifinta, Alhaji Abbas, ya ƙi. "Ambaliya ta cinye gonarku ta Kaoje. Da mi za ka riƙe ɗiyata? Kawo takardar aiki. Ga Muhsin, ɗan kasuwar Dole Kaina, kullum sai ya aiko."

Wasiƙa goma ta gyara masa, kowacce tsaf, da ladabinta. Shiru kake ji. Sai ga saƙonsa:

"Malamata, Turancinki ba shi da laifi, ni ne ba ni da sa'a. Na tsallaka Benin kiwon shanun mutane. Ki yafe mini."

Wayyo, ta yi kuka har idanunta suka kumbura. Da ta share hawaye ta rubuta ta goma sha ɗaya da sunansa, ta sa lambar wayarta, tunda can daji ba a samunsa.

Ana haka ciwo ya kwantar da Alhaji, bai tashi ba. Kwana biyu da binne shi kamfanin ya kira: sun ɗauki Gidaɗo.

Makiyaya suka kai masa labarin rasuwar, ya zo ta'aziyya. Ta tare shi a zaure.

"Ɗalibina, ka samu aikin. Amma wa za mu nuna wa?"

Kawunta Zayyanu ya yi gyaran murya. "Kafin Alhaji ya cika ya ce mini, yarinyar nan kullum hannunta da jan tawada saboda yaron nan. A ba shi ita, da aiki ko babu."

Gidaɗo ya durƙushe yana kuka.

Bayan arba'in aka ɗaura aure, ba kiɗa. Ango ya ajiye takardar aikin a kan buzun marigayin, ba wanda ya buɗe ta. Allah ya jiƙan Alhaji, ya ba su zaman lafiya.