Shuɗiyar Kibiya a Gaɓar Tuwaik

Ƙarfe tara na safiyar Asabar aka kira ofishin 'yan sanda cewa an tsinci gawa a gindin tsaunin Tuwaik, yamma da Riyad. Da aka ji mamacin ɗan Najeriya ne sai aka tura Sufeto Muhyiddeen. Haifaffen Saudiyya ne, amma kakarsa Bakatsiniya ce, a bakinta ya koyi Hausa.

Mamacin shi ne Injiniya Ismail, wanda ya kafa ƙungiyar 'yan Najeriya masu hawan dutse duk Juma'a. Shi ya shata musu hanya, shi yake yi mata alama da fenti.

Wani dogon mutum ya tari Sufeto, idanunsa jawur.

"Sunana Inuwa, ranka ya daɗe, ni ne mataimakinsa. Jiya da azahar ya ce mu huta, zai yi gaba ya shata sabuwar hanya. Bai dawo ba. Mun yi ta nema har magariba, sai yau muka hango shi."

"Kai kana ina da azahar ɗin?"

"Ina wajen motoci. Tambayi direbanmu, Ɗanbala."

Ɗanbala ya gyaɗa kai da sauri, idonsa na kan takalminsa.

Sufeto ya ce a nuna masa inda mutumin ya faɗo. Aka so a ɗaura masa igiyar hawa, ya ƙi, ya bi hanyar da ƙafarsa, gwiwa na yi masa zogi. Sa'a guda ya yi kafin ya kai sama. A bakin gaɓar, kan wani faffaɗan dutse, ga shuɗiyar kibiya tana nuna rami. Ya durƙusa ya shinshina. Fentin sabo ne, gefensa kuma ya yi dishi-dishi irin na feshi.

Da ya koma ofis, shugabansa ya ce, "Khalas, Muhyiddeen, magana ta ƙare. Mutum ya je shafa fenti, santsi ya kwashe shi. Rufe fayil."

"Na duba hannuwan gawar, ranka ya daɗe. Ko ɗigon fenti babu. A ba ni kwana biyu."

Ranar Lahadi ya je unguwar Shifa. Hajar, matar mamacin, ta yi masa magana daga bayan labule. Ya miƙa mata wayarsa ta ga hoton kibiyar.

"Wannan ba hannun Baban Bilqis ba ne," ta ce. "Shi ɗigo biyu yake yi, ɗaya kan ɗaya, da burushi. Yana da asma, ko turaren feshi ba ya shiga gidan nan."

Ta turo gwangwanin fenti ta ƙarƙashin labulen. Murfinsa ya bushe ya manne.

"Hajiya, akwai abin da ke damunsa kwanan nan?"

"Itatuwa. Ya ce wani na sare ɗalha, itatuwan ƙayar nan da ke cikin kwarin gindin tsaunin, waɗanda suke hutawa a inuwarsu. Ya ce ya gane ko wane ne, amma zai yi masa magana tukuna kafin ya kai ƙara. Na ce ya faɗa mini suna, ya ƙi. Wai ba ya son ya tona asirin ɗan'uwa."

Sufeto ya san dokar. Sare itacen daji laifi ne babba, baƙo kuma tarhil ke jiransa, a sa shi a jirgi a mayar da shi ƙasarsa.

Washegari ya sake komawa tsaunin, wannan karon ya gangara cikin kwarin. Ya ƙirga kututture goma sha bakwai, yankan inji, wasu har ƙaro bai bushe a kansu ba. Ga kuma sawun tayar a-kori-kura, ta baya ta hagu ta sha faci.

A kasuwar kayan gwari ta Aziziya ya sami Ɗanbala yana jiran lodin tumatir. Sufeto bai ko gaishe shi ba, ya zagaya motar ya tsuguna gaban tayar baya ta hagu, ga facin nan a jikinta, sannan ya ɗaga tamfol ɗin baya ya dumtso garin itace.

"Tumatir ne ke zubar da wannan?"

"Wallahi, yallaɓai, motar ba tawa ba ce. Inuwa ne ya samo mini aikin. Ran Laraba shi yake fita da ita."

"Ka ce yana tare da kai da azahar."

Sufeto ya matso kusa da shi.

"Ka saurare ni. Ismail yana da 'ya mai shekara shida. In ka ci gaba da rufa wa wani asiri, fayil ɗin sunanka zai ɗauka."

Direban ya zauna a kan wani kwando da babu komai ciki, ya dafe kai. "Bai zauna da ni ba. Injiniya na wucewa ya bi bayansa. Can ya dawo yana haki, ya buɗe akwatin kayan gyara ya ɗauki gwangwanin fentin mota, ya sake komawa. Da yamma ya ce in na buɗe baki iƙamata, takardar zamana a ƙasar nan, ta mutu."

"Ina gwangwanin?"

"Ya ce in jefar. Ban jefar ba, tsoro nake ji." Ya zaro shi daga ƙarƙashin kujera, naɗe a cikin tsumma.

Da la'asar Sufeto ya isa unguwar Badi'a da 'yan sanda biyu. Inuwa na da wani fili mai katanga a bayan shagonsa na kayan zango. Suna tura ƙofa suka tarar da itace jibge har ya kusa kai kan katanga, an ɗaure shi dami-dami, ga injin yanka a gefe.

Inuwa ya fito yana murmushin dole. "Ranka ya daɗe, wannan daga waje ake shigo da shi, akwai takardu."

"Kawo su."

Bai motsa ba.

Sufeto ya ɗaga gwangwanin a cikin leda. "An ɗauki zanen yatsu a jikinsa. Ga shaidar Ɗanbala. Kuma shekara uku kana bin Ismail a dutse, amma ba ka taɓa lura cewa ba ya zana kibiya ba. Miƙo hannunka na dama."

A gindin farcen manuniya akwai sauran shuɗi da sabulu bai fitar ba.

Inuwa ya jingina da itacen. "Roƙonsa na je yi. Na ce ya yi mini rai, 'ya'yana uku na makaranta a nan, ba su san ko'ina ba sai Riyad. Ya ce ya ba ni mako guda in daina, in ba haka ba zai je hukuma. Ya juya zai tafi, na riƙo jakarsa, ya fizge. Sai na ture shi."

"Mako guda ya ba ka," Sufeto ya ce. "Kai ko minti guda ba ka ba shi ba. Ka fesa kibiya, ka bar mu muna cewa shi ya kashe kansa da ganganci."

Aka sa masa ankwa. Maƙwabta suka yi cirko-cirko a bakin shaguna har aka tura shi bayan mota.

Sufeto bai shiga ba tukuna. Ya tsaya a gefen titi ya kira Hajar, ya gaya mata duk yadda aka yi.

"Inuwa," ta ce. "Shi ya ɗauki gaban makara jiya."

"Na sani, Hajiya. Ina wurin."

Ya kashe wayar, ya buɗe ƙofar mota, ya ce wa direba, "Yalla, mu je ofis."