Zanen da Aka Lulluɓe

Da hantsi aka kira Insfekta Yashim wani gida a Gaithersburg, a Amurka. Mutumin Kaduna ne, zama ba ya daga cikin halayensa. A tsaye ya saurari maigidan, Dokta Dabo.

An sace zanen wani Bafaranshe, na shekarun 1880: furanni a kasko, 'yar tsana da dokin katako a gefe. Wata uku zanen na lulluɓe da yadi. Yau aka yaye, sai katakon da ke kewaye da zanen fayau.

"Mai aikinmu ce, Sailuba," in ji Dokta. "Ita ke goge falon."

Sailuba na bakin kicin, jakarta a ɗaure, an riga an sallame ta. Tsoro ya hana ta kuka.

"Yallaɓai, Hajiya ta hana ni taɓa yadin."

Yashim ya shafa ɗinkin. Yadin ya zauna wa katakon cif, kamar hula.

Hajiya Tayyiba, mahaifiyar Dokta, na kan darduma. Yashim ya rusuna ya gaishe ta.

"Mama, me ya sa aka rufe shi?"

"Autana Rilwanu ya tuna min mala'iku ba sa shiga gida mai surori. Ga 'yar tsanar nan da idanu. Shi ya kai ɗinkin ma, yaron kirki. Har sauke zanen ya yi, ya ɗauki hotonsa gaba da baya, saboda tela."

Yashim ya tarar da Rilwanu a garin Laurel, inda yake gadi.

"Ni ko kallon abin ba na yi, haramun ne," in ji Rilwanu.

"Wane tela ke buƙatar hoton baya?"

Rilwanu ya kau da kai. Yashim ya ci gaba.

"A bayan ne hatimin Paris mai tabbatar da asalin zanen yake. Dillali ke neman wannan. Mu ga wayarka."

Da kansa ya miƙa. Ga saƙonni zuwa wani dillali a Baltimore, ga alƙawarin haɗuwa gobe. Zanen na naɗe a but ɗin motarsa.

"Na san ba wanda zai yaye abin da Hajiya ta rufe," ya ce a hankali.

Aka sa masa ankwa.

Da Yashim ya mayar da zanen, Dokta ya kasa haɗa ido da kowa. Hajiya ce ta tashi, ta kwance jakar Sailuba da hannunta.

"Yafe mana, 'yata. Ina ta rufe idon 'yar tsana, ashe nawa idon ne ɗan cikina ya rufe."