Ɓarawon da Ya Mayar da Taya

Ranar Litinin da safe, tun kafin Sufeto Nekesa ta kurɓi shayinta, aka ajiye mata ƙara a kan tebur. An sace kayan sauti daga cikin wata mota a unguwar Ruai da ke gefen Nairobi, an kama wanda ake zargi, gobe da safe za a kai shi kotu. Hannu kawai ake so ta sa.

Sai dai Nekesa ba ta sa hannu a kan abin da idonta bai gani ba, shi ya sa rabin ofishin ke gaishe ta ciki-ciki. Ta kira Kofur Langat suka nufi gidan.

Mai motar, Mutinda, yana tsaye a gaban but ɗin motar a buɗe kamar wanda ya zo jana'iza. Irinsa sun cika gari: rediyon da kamfani ya sa wa mota ba ya isar su, sai sun ƙara amfilifaya, na'urar ƙara wa sauti ƙarfi, da manyan sifikokin nan masu ruri da ake kira wufa, don su yi gogayya da motocin haya da ake kira matatu.

"Afande, an kashe ni!" in ji shi, da laƙabin girmamawa da ake kiran ɗan sanda da shi a can. "Wufa biyu da amfilifaya, duk an kwashe. Jiya muka dawo daga coci, na kunna mota, sai na ji tana waƙa kamar sauro."

"Wa kake zargi?"

"Owiti mana, wanda ya haɗa mini su. Babana ya gan shi da idonsa a bakin ƙofa jiya da asuba."

Nekesa ta zagaya motar. Gilashi lafiya lau, makulli ba a taɓa ba. Ta leƙa but ɗin tana tsammanin ganin wayoyi a yayyage, sai ta tarar an liƙe kowace da dalma, an jera su, an mayar da dardumar, har an share ƙura.

"Langat, ka taɓa ganin ɓarawo ya yi shara?"

"Ko a gidansu ban gani ba, Afande."

Ta ɗaga dardumar. Tayar safaya tana zaune daram a raminta, cike da iska. Mutinda ya zaro ido.

"Wannan kuma daga ina? Ai tun bara na cire ta, a gurbinta aka zaunar da akwatin sifikokin!"

"Wato ya ɗauki sifikoki, ya biya ka da taya?"

"Afande, ni ma kaina ya ɗaure."

Nata kan ma ya ɗaure, sai dai ba ta faɗa ba. Ta sa ya kunna motar, rediyon kamfani ya kama waƙa a hankali ta dukkan ƙofofi huɗu. Ta dubi agogon motar, ta dubi na hannunta: na motar ya yi gaba da awa biyu.

"Agogon nan daidai yake da?"

"Ko minti ba ya ƙarawa. Shi ma sun lalata mini ke nan?"

Ta rubuta lokacin a littafinta. Suka koma ofis.

Owiti ya kwana a bayan kanta, idanunsa sun yi jawur. Ƙato ne, amma da aka zaunar da shi gaban Sufeto sai ya koma kamar ɗan firamare. Ɗan shagonsa na Titin Kirinyaga shi ne abincinsa, kuma ya san idan alƙali ya kira shi ɓarawo ba wanda zai sake miƙa masa makullin mota.

"Yaushe rabonka da gidan Mutinda?"

"Ni ban ma san hanyar gidan ba, Afande."

"Mai shagon bakin layi ya ce ranar Juma'a wani ƙato mai jakar kayan aiki ya sayi fanken mandazi a wurinsa."

Babu wani mai shago da ya gaya mata komai, jefawa kawai ta yi. Owiti ya sunkuyar da kai.

"Na je. Mama Mumbua ce ta kira ni, matar Mutinda. Ta ce in rage wa amfilifayar ƙarfi ba tare da mijinta ya sani ba. Na rage, na tafi. Ta roƙe ni kada in faɗa."

"Me ya sa take so a rage?"

"Na tambaye ta, sai ta fara kuka. Ni kuwa da waya na saba, ban saba da hawaye ba."

Nekesa ta nuna masa hoton wayoyin a wayarta. Ya ƙura ido, sai ya manta a tsare yake.

"Kai! Wa ya yi wannan? Kin ga, rediyon kamfani ba shi da ƙofar da amfilifaya za ta shiga, dole sai an fasa wayoyin sifikokin baya an ja sauti daga can. Ni na fasa su, na naɗe da salatif. Wannan mutumin ya kwance nawa, ya liƙe da dalma ɗaya bayan ɗaya. Afande, in ya fito daga kurkuku ki turo mini shi, ina da aiki."

"Kai ne dai a hanyar kurkukun. Agogon motar fa, me zai sa ya rikice?"

"An cire kan batir. Duk mai hankali sai ya cire kafin ya taɓa babbar wayar amfilifaya, in ba haka ba wuta ta tashi. Da an mayar, agogon wannan motar daga sha biyu yake farawa."

A cikin mota Langat ya yi ta lissafi da yatsu har ya rikice. Nekesa ta tausaya masa.

"Agogon ya yi gaba da awa biyu. Wato lokacin da ya ce sha biyu, mu muna ƙarfe goma."

"Goman daren Asabar?"

"Lokacin Mutinda yana yawo yana hana unguwa sakat, shi ya faɗa da bakinsa. Saura goman safiyar Lahadi."

"Amma tsohon ya ce da asuba ya ga Owiti."

"To ka gani."

"Ban ga komai ba, Afande. Ɓarawo da rana tsaka, ya yi liƙi, ya yi shara, ya kawo taya. Ko dai aljani ne mai shagon gyara?"

Da suka koma Ruai Mutinda ya tafi wurin aiki. Matarsa Kanini, wadda kowa ke kira Mama Mumbua, tana tsince ganyen miya na sukuma a bakin ƙofa. 'Yarta Mumbua, 'yar shekara biyu, tana zaune a ƙasa ta juya musu baya, tana wasa da murfin kwalba.

"Jiya da safe wa ya rage a gida?"

"Ba kowa. Duk mun tafi coci."

"A ƙasa, ga mota a ajiye?"

"Fasto ya hana motar shiga harabar. Ya ce tana girgiza masa mumbari."

"Har da surukinki kuka tafi?"

Kanini ta dubi ganyen da ke hannunta. "Baba... gwiwa ta dame shi. Amma yana kwance a ɗaki."

"Ɗazu kin ce ba kowa."

"Mantawa na yi, Afande."

"Owiti fa? Kin san shi?"

"Sunansa kawai nake ji."

Nekesa ta ji haushi ya taso mata. Mutum yana can a tsare saboda ya riƙe wa matar nan amana, ita kuma tana nan tana tsince ganye. Ta buɗe baki za ta yi magana, sai Langat, wanda ƙafarsa ba ta taɓa ganin abu ta ƙyale ba, ya yi tuntuɓe da babbar tukunyar sanholo. Ta wuntsila a kan siminti da ƙarar da ta sa kaji suka watse, karen maƙwabta ya kama haushi, ita kanta Sufeto sai da ta zabura.

Mumbua ba ta waiwayo ba. Tana nan tana juya murfin kwalbarta.

Nekesa ta dubi yarinyar, ta dubi uwar. Kanini ta rufe fuska da zane.

"Ina Mzee?" in ji Sufeto, muryarta ta yi sanyi.

Mzee Kivuva, wato Dattijo Kivuva, mahaifin Mutinda, yana bayan gida a kan kujerar katako kusa da akurkin kaji, da sanda a gefe. Tsoho ne tsaf-tsaf, ya yi shekaru yana aikin wayar lantarki a wata masaƙa kafin ya yi ritaya.

"Sannu da hutawa, Mzee. Ya gwiwa?"

"Da sauƙi, 'yata. Kun kai yaron nan kotu?"

"Sai gobe. Ka ce da asuba ka gan shi?"

"Da idona."

Nekesa ta ɗaga kai ta kalli rufin akurkin. Kwanon duk ya yi tsatsa, ban da wani da'ira guda a tsakiya da ya fi sauran haske.

"Me ke kan rufin nan da?"

"Dutse."

"Dutse mai rami a tsakiya, daidai girman taya? Langat, leƙa ciki."

Kofur ya durƙusa ya shiga, kaji suka yi masa ca. Can sai muryarsa ta fito.

"Afande, akwatin yana nan! Sifikokin ma suna nan a cikin buhu, da amfilifaya. Amma wata kaza ta yi ƙwai a ɗaya daga ramukan akwatin, kuma ba ta da niyyar tashi."

Daidai lokacin Mutinda ya shigo, ashe Kanini ta riga ta kira shi a waya. Ya ga akwatinsa da kashin kaji a kai, ya ga ubansa, ya rasa wanda zai fara yi wa kuka.

"Baba? Kai?"

Tsohon ya miƙe tsaye, ko sandar bai taɓa ba.

"Ni ne. Na ɗauki makulli a inda kake rataye shi, na kwance su, na kwaso a baro. Tayarka da ka jefa mini a kan rufi na mayar maka."

"Don me? Me na yi maka?"

"Matarka ta gaya maka yarinyar nan ba ta amsa kira, ka yi dariya, ka ce taurin kai ta gado daga wurina. Kullum kana ɗaure ta a kujerar baya, bayanta a jikin wannan masifar, kana yi wa abokanka alfahari cewa 'yarka ba ta tsoron kiɗa. Mun kai ta asibiti ba ka sani ba. Likita ya ce jin ya ragu ƙwarai, kuma in ana so a tsira da abin da ya saura, a raba ta da ƙara. Matarka ta sa aka rage, ran Asabar ka mayar da shi har ya fi da."

Nekesa ta ji tausayin tsohon har cikin ranta, amma ba tausayi aka aiko ta yi ba.

"Mzee, kwance sifikokin ɗanka a gidanka magana ce ta cikin gida. Owiti fa? Me ya sa ka ɗora masa?"

Nan ne tsohon ya sunkuyar da kai.

"Shi ya dasa abin. Raina ya ɓaci, na ce bari shi ma ya ji a jikinsa. Jiya ban runtsa ba, 'yata. Na yi ƙarya a kansa, ku sake shi."

"Na janye ƙarar!" in ji Mutinda. "Afande, na janye, ubana ne!"

"Satar kana iya janyewa. Shaidar zur da ta kwanar da mutum a bayan kanta ba taka ba ce. Mu je, Mzee."

Langat ya zaro ankwa, Nekesa ta harare shi, ya mayar da ita aljihu. Ta kira ofis ta ce a buɗe wa Owiti ƙofa, a kuma ba shi haƙuri da shayi mai zafi.

Mzee Kivuva ya ɗauki hularsa ya bi su. A bakin ƙofa ya tsaya, ya juyo wajen ɗansa.

"Ba sai ka yarda da ni ba. Ga ta can. Kira ta."

Mumbua tana nan inda take, ta juya baya, da murfin kwalbarta. Mutinda ya tsaya taku kaɗan a bayanta.

"Mumbua," ya ce a hankali.

Shiru.

"Mumbua!"

Langat ya rufe ƙofar motar 'yan sanda. Har suka sha kwanar layin Sufeto Nekesa tana jin muryar Mutinda yana ta kiran sunan, kowane kira ya fi na baya ƙarfi.